Awar da kowa ke sata

Shekarar da muke ajin ƙarshe na koleji, an rubuta mana awa biyu na EPS a jadawali, ranar Laraba da safe. Rubutun kawai aka yi. Daga Oktoba da muka koma lakwal har zuwa zafin bazara, in na ƙidaya sau nawa muka sa ƙafa a fili, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni. Yau a ce mushen lissafi ya ari awar don yajin aiki ya cinye mana makonni. Wani satin a ce mushen EPS yana wata makaranta, shi kaɗai ne ga makarantu biyu. Na gaba kuma a ce ƙwallo ta fashe. Mu kuwa, in faɗi gaskiya, ko a jikinmu. In aka ce babu EPS sai mu zauna gindin bedi muna hira.

Sai ga ranar jarrabawar BEPC ta motsa jiki, wadda ake yi kafin ta rubutu. Aka jera mu a fili, rana ta take, aka ce a yi gudu, a yi tsalle, a yi jifan ƙarfe. Ni da ban taɓa riƙe wannan dunƙulen ƙarfen ba sai na wurga shi kamar mai jifan mangwaro, kafaɗata ta yi sati biyu tana ciwo, da ita na zauna rubuta jarrabawa. Amma nawa mai sauƙi ne. Wata ƴar ajinmu, wadda duk ta fi mu lissafi, ta aro takalmin yayanta da ya yi mata yawa. Ba ta kai rabin fili ba ta kifa. Samari suka fashe da dariya, har da ni, Allah Ya yafe mini. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ba ta ce wa kowa uffan ba. Da muka shiga lise, abu na farko da ta nemo shi ne takardar likita mai cewa ba ta da lafiyar motsa jiki. Lafiyarta lau. Yau shekara biyar ke nan, ban ƙara ganin ta ɗaga ƙafa da sauri ba.

To ku faɗa mini, ƴan uwana ɗalibai, me aka jarraba a wannan ranar? An ba mu maki a kan abin da ba a koya mana ba. Da mushen Faransanci ne ya yi shekara bai shiga aji ba, da tuni mun watse kan titi, iyaye sun cika ofishin darakta. Amma da yake EPS ce, kowa ya sa hannu ya yagi rabonsa, ba mai cewa ɓarawo.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a gidanmu. Wai ɗan Nijar ba ya buƙatar a koya masa motsa jiki. Yaron da ke takawa daga ƙauye zuwa lakwal, ya yi noma da damina, ya ɗebo ruwa, yarinyar da ke daka tun asuba, wane gudu kuma za a ƙara musu? Wannan magana tana da kamar gaskiya, shi ya sa ta daɗe. Amma wahala daban, horo daban. Mai noma yini yake a duƙe, gaɓoɓi iri ɗaya ke aiki, sauran na kwance, shi ya sa kafin ya kai arba'in baya ya riƙe. Tulu a ka ba ya koya wa yarinya yadda za ta ja numfashi in tana gudu. Ba wanda ya taɓa nuna mana cewa ana ɗumama jiki kafin a zabura, ko yadda ake dira daga tsalle ba a karya idon sawu ba, ko me za ka yi wa abokinka in zafi ya kayar da shi a fili. Wannan ilimi ne kamar kowane ilimi, yana da malamai, har akwai makarantar da ke horar da su a Yamai, wato INJS. Mu ne muka mayar da mushen EPS mai gadin ƙwallo da usur.

Kuma wai wane ɗan Nijar ɗin ake nufi? Mu da ke Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, mu daina ɓuya bayan ƴan uwanmu na karkara. Nan da bakin kasuwa sai mun tsayar da kabu-kabu. Daga aji sai fada, a shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi na ɗaya, na biyu, na uku, sukari kamar za a yi alewa, kai na duƙe kan waya har tsakar dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi kowace rana. A 2019 ta fitar da binciken da ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan, kuma ƴan mata sun fi samari zama wuri ɗaya. Kowa ya duba gidansu. Gida nawa ne yanzu babu mai hawan jini ko ciwon sukari? Waɗannan cututtuka ba ranar da likita ya faɗa suke farawa ba, tun muna kan benci ake shuka su.

Masu ara mana awa don a ƙara lissafi su ma ina da magana da su. Mu tamanin da ƴan kai ne a aji, uku-uku, wani lokacin huɗu a benci, rufin kwano na tafasa. Awa ta huɗu, rabin aji barci yake da ido buɗe. Mushe na cika allo, mu muna kwafewa cikin kaye, ba abin da ke shiga. Ƙwaƙwalwa da jini take aiki, jini kuma ba ya gudu yadda ya kamata ga wanda ya sandare tun ƙarfe takwas. Ni shaida ne, ƴan ranakun da muka yi EPS ɗin, darasin da ya biyo baya ya fi zama mini a kai.

Batun ƴan mata shi ya fi ci mini rai. Takardar likitan nan ta zama hanya, kowa ya san yadda ake samo ta, uba ya biya ya ce ya kare mutuncin ɗiyarsa. Ban ce damuwarsa banza ce ba. Filin da babu katanga, ƴan kabu-kabu sun yi layi suna kallo, babu ɗakin sauya kaya, ni ma ba zan so ƙanwata a nan ba. Amma maganin wannan a ja katanga ko zana, a ware wa ƴan mata lokacinsu, a samo malamai mata, a yarda da dogon wando da riga mai faɗi da ɗan hijabi. Wanda kuma ya ce addini ne ya hana mace gudu, ya koma ga malaminsa ya tambaye shi labarin tseren da Annabi (SAW) ya yi da Nana A'isha. Yarinyar da muke zaunarwa yau ita ce gobe za ta ɗauki ciki, ta yi naƙuda, ta yi goyo. Da wane jiki?

Sai kukan rashin kaya. Haba jama'a! A ƙasar kokowa? Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, duk shekara ƙasar nan tsayawa take cik, kowa kunne na rediyo, yara sun haddace sunan Kantu da na Isaka Isaka fiye da sunayen ministoci. Me kokowa ke buƙata in ba yashi ba, yashin da ke shigo mana har cikin aji? Langa fa, ko sisi ba a kashewa, ga ta da koyar da tsayuwa kan ƙafa ɗaya da dabara da haɗin kai. A duk makarantun da na yi ban taɓa ganin an sa ɗaya daga cikinsu a darasi ba, sai jiran ƙwallon da ba ta zuwa. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aisha Macky ya ga samarin Kara-Kara na ɗaga ƙarafan da suka haɗa da hannunsu. Ƙarfin yana nan, sha'awar tana nan. In makaranta ba ta karɓe su ta koya musu doka da alƙali da miƙa hannu bayan an kayar da kai ba, titi zai karɓa, kuma mun san abin da titi ke koyarwa. Zafi ma ba hujja ba ne, a sa awar da sassafe.

Kada a ɗauka lambobin Olamfik nake wa kuka, ko da yake abin dubawa ne a ce daga tagullar Isaka Dabore a dambe a Munik a 1972 sai da muka jira shekara 44 kafin azurfar Alfaga a tekwando a Riyo a 2016. Zakara ɗaya ne cikin dubbai, kuma zai nemi hanyarsa. EPS ta sauran ce: mai ƙiba, siriri, mai jan ƙafa, mai tsoro, da waccan yarinya mai aron takalmi. Tun 1978 UNESCO ta amince da yarjejeniyar da ta sa ilimin motsa jiki cikin haƙƙin kowane mutum. Mu da ba ma wasa da haƙƙi, takardun koke nawa ƙungiyoyinmu na ɗalibai suka rubuta kan kuɗin tallafi da benci da malamai? A cikin waɗanda suka biyo ta hannuna ban ga layi ɗaya kan filin wasa ba. Filin kolejinmu ma yanzu azuzuwan zana sun cinye rabinsa.

Ƙanwata ta shiga ajin farko na koleji bana. Na duba jadawalinta, EPS na nan ranar Alhamis. Baba ya fara maganar takardar likita, na roƙe shi ya ba ni wata uku. Na je gwanjo na sayo mata takalmi daidai ƙafarta, jika biyu da rabi, daga kuɗin fotokofina. Duk Alhamis in ta dawo ina tambayar ta ko an fita fili, ina rubutawa a bayan kaye. Sati shida ke nan, sau biyu aka fita. In aka ƙara ara, ni da abokaina biyu za mu je ofishin darakta da kayen a hannu, kuma duk wanda ke da ƙane ko ƙanwa a koleji ya fara nasa lissafin daga wannan satin.