Daga Zuciyata: Ni Da 'Yan Tsanana

Saura sati biyu bikina Gwaggo ta faɗo ɗakina, ta tarar da 'yan tsanana jere bisa gado: Mario na Nintendo mai jar hula, Sonic shuɗiyar bushiyar da Sega ta fitar a 1991, da Pikachu.

"Ke, Allah ya shirye ki! Da waɗannan za ki tare? So kike dangin miji su ce yarinya muka kai musu?"

Na yi shiru. Sonic da Pikachu a gwanjon Ƙofar Wambai na tsinto su, na bar wa ƙannena. Amma Mario, marigayi Yaya ne ya saya min ranar da na fara cinye shi a gem. Wallahi yana can ƙasan akwatina.

'Yar uwa, ke me kika ɓoye a naki?