Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Darasin Hmong Da 'Yan Nikaraguwa A Amurka

A tsakiyar watan Mayu na 1975, jiragen sama suka yi ta jigila daga kwarin Long Tieng da ke tsaunukan Lawos zuwa Tailan, suna kwashe Janar Vang Pao da manyan hafsoshinsa da iyalansu. 'Yan dubbai kaɗan ne suka samu gurbi. Sauran dubun-dubatar 'yan ƙabilar Hmong, waɗanda suka shafe shekara fiye da goma suna yaƙi a ƙarƙashin hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, suna tare hanyar makaman 'yan gurguzun Biyetnam, suna ceto matuƙan jiragen Amurka da aka harbo, an bar su a baya. Suka bi daji da ƙafa har gaɓar kogin Mekong, mai rabo ya haye. Shekara huɗu bayan haka, ranar 17 ga Yuli 1979, a wani ɓangaren duniya, Anastasio Somoza ya hau jirgi daga Managuwa ya nufi Miyami, bayan 'yan tawayen Sandinista sun kawo ƙarshen mulkin gidansu na fiye da shekara 40 a Nikaraguwa. Tashin waɗannan jirage shi ne mafarin hijirar al'ummomi biyu zuwa ƙasa guda.

Dukkansu Yaƙin Cacar Baka ne ya tumɓuke su daga gida, kuma dukkan yaƙoƙin biyu da hannun Amurka dumu-dumu a ciki. A yau Hmong da ke Amurka sun haura 300,000, 'yan asalin Nikaraguwa kuwa sun haura 400,000. Wanda ya jera tarihinsu gefe da gefe zai ga abin da masu tsara manufofi kan yi wa kallon ƙaramin lamari: irin takardar zama da hukuma ta ba baƙo ranar da ya shigo ta fi iliminsa da dukiyarsa tasiri a kan inda 'ya'yansa za su tsaya bayan shekara talatin.

A fara da Hmong, domin da wuya a samu al'ummar da ta shiga Amurka da hannu wofi kamarsu. Manoman tsaunuka ne masu sare daji su ƙone su shuka shinkafar tudu da masara. Rubutun harshensu da haruffan boko a farkon shekarun 1950 'yan mishan suka tsara shi, saboda haka da yawan manyansu, musamman mata, ba su taɓa zama a aji ba. Wasu sun yi shekaru a sansanin Ban Vinai na Tailan kafin a tantance su. Daga can aka sauke su a biranen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙofa, babu Turanci, babu sana'ar da kasuwar birni ke nema. Hukuma ta so ta warwatsa su a jihohi daban-daban don kada nauyinsu ya taru a wuri ɗaya, amma zumunci ya fi ƙarfin tsarin: suka sake ƙaura da kansu suna bin dangi, har suka tattaru a St. Paul ta jihar Minesota, da garuruwan Wiskonsin, da Fresno da Sacramento a Kalifoniya. A ƙidayar 1990, fiye da rabinsu suna cikin talauci a ma'aunin gwamnati, kuma 'yan siyasa da dama sun riƙa nuna su da yatsa a matsayin misalin baƙin da ba za su taɓa sauka daga kan tallafi ba.

Abu ɗaya suka shigo da shi wanda ido ba ya gani. Dokar 'Yan Gudun Hijira ta 1980, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sanya wa hannu, ta ba wanda aka tantance daga sansani izinin aiki tun ranar isowa, da damar neman zaman dindindin bayan shekara ɗaya, da hanyar zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar. Akwai kuma tallafin kuɗi da magani, wanda ya fara da wata 36 kafin a yi ta rage shi har ya dawo wata 8 a farkon shekarun 1990. Mafi muhimmanci, iyali ake ɗauka gaba ɗaya: miji da mata da 'ya'ya da tsofaffi. Magidancin Hmong na iya kwana da yunwa, amma ba ya kwana da fargabar cewa gobe za a ɗora shi a jirgi.

Wannan tabbacin ne ya ba su damar yin shukar da ba a girbe ta a shekara guda. Dangogin Hmong, waɗanda aka saba ƙirga su 18, suka zama kamar asusun adashi: a haɗa kuɗi a saya wa wannan gida, a biya wa ɗan wancan makaranta, a yi hayar fili a noma kayan lambu. Manoman Hmong suka cika kasuwannin kayan gwari na St. Paul da Minneapolis, a Fresno suka shiga noman 'ya'yan itace da ganyaye, a St. Paul suka kafa manyan kasuwanninsu kamar Hmongtown da Hmong Village. A 2002 Mee Moua, wadda aka haifa a Lawos ta kuma ratsa ta sansani tana yarinya, ta ci zaɓen majalisar dattawan jihar Minesota, ta zama ta farko daga al'ummarta da ta shiga majalisar dokokin wata jiha. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, Sunisa Lee, haifaffiyar St. Paul, ta ɗauki lambar zinariya wa Amurka. Talaucin da ya kama fiye da rabinsu a 1990 ya sauko ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar cikin shekara talatin. Har yanzu suna bayan yawancin 'yan asalin Asiya a yawan masu digiri, amma alƙiblar tafiyarsu a bayyane take.

'Yan Nikaraguwa kuwa da fifiko suka fara. Rukunin farko na 1979 ya ƙunshi attajirai da manyan jami'ai da masu kamfanoni. Waɗanda suka biyo baya a farkon shekarun 1980 akwai likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da malamai. Sun sauka a Miyami, birnin da 'yan Kyuba suka riga suka mayar da harshen Sifaniyanci yaren kasuwa da banki da rediyo, don haka baƙo yana iya samun aiki a makon isowarsa ba tare da ya iya Turanci ba. Suka taru a unguwar Sweetwater har aka yi mata laƙabi da Ƙaramar Managuwa, suka buɗe gidajen abincinsu da ake kira fritanga, suka shiga aikin gini da shaguna. A kowane ma'auni na shekarun farko, sun yi wa Hmong fintinkau.

Sai dai ƙofar da suka shigo ta daban ce. Ba a tantance su daga sansani ba. Da bizar ziyara suka zo, ko ta kan iyakar Meziko, sannan suka nemi mafaka, kowa da fayil ɗinsa. A daidai lokacin da gwamnatin Ronald Reagan ke ba mayaƙan Kontra kuɗi da makamai don kifar da Sandinista, lamarin da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 1986 cewa ya saɓa wa dokokin ƙasa da ƙasa, yawancin 'yan Nikaraguwan da suka gudo daga wannan yaƙi ba su samu cikakkiyar mafaka ba. Maƙwabtansu 'yan Kyuba suna da dokar 1966 da ke ba su zaman dindindin bayan shekara ɗaya. Su kuwa sai izinin aiki na wucin gadi da jiran kotu. A farkon 1989, lokacin da tattalin arzikin Nikaraguwa ya durƙushe talakawa suka kwararo, sai da birnin Miyami ya kwantar da ɗaruruwansu a filin wasa na Bobby Maduro. Da Violeta Chamorro ta kayar da Daniel Ortega a zaɓen 1990, hujjar neman mafakar ta raunana, mutanen da suka haifi 'ya'ya a Fulorida suka wayi gari da barazanar kora.

Sauƙi bai zo ba sai a watan Nuwamba na 1997, da Shugaba Bill Clinton ya sanya hannu a dokar da ake kira NACARA, wadda ta ba 'yan Nikaraguwan da ke ƙasar tun 1 ga Disamba 1995 damar zaman dindindin. Wanda ya zo a 1983 ke nan ya yi shekara 14 bai san matsayinsa ba. Cikin waɗannan shekaru likita ya yi aikin ɗakin ajiya, injiniya ya ɗauki bulo, domin neman lasisin sana'a da bashin gida na shekara talatin abubuwa ne da mai zaman wucin gadi ba ya kusanta.

Kuma tarihin ya ci gaba da maimaita kansa. Bayan guguwar Mitch ta 1998 an ba wasu 'yan dubbai kariyar wucin gadi ta TPS, wadda aka yi ta sabuntawa wata 18 bayan wata 18 har fiye da shekara 25. Gwamnatin Donald Trump ta yi yunƙurin soke ta a 2017 kotu ta dakatar, ta sake sanar da soke ta a 2025. Bayan zanga-zangar Afrilu 2018, wadda gwamnatin Ortega ta murƙushe aka rasa rayuka fiye da 300, sabuwar hijira ta ɓarke zuwa Kosta Rika da Amurka. A Janairu 2023 gwamnatin Joe Biden ta buɗe shirin izinin shekara biyu ga wanda ya samu mai tsaya masa, 'yan Nikaraguwa fiye da 90,000 suka shigo ta nan bisa ƙa'ida. A 2025 aka rufe shirin, Kotun Ƙoli ta ba da damar janye izinin. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma izinin zama na aro haka yake.

Mai ja da wannan ra'ayi yana da abin faɗa, ya kuma kamata a saurare shi. Zai ce 'yan Nikaraguwa, duk da rashin tabbas, ba su taɓa faɗawa irin ramin talaucin da Hmong suka faɗa ba, kuma sun ci da kansu ba tare da lalitar gwamnati ta ɗauki nauyinsu ba. Ashe ke nan kasuwa ta fi tallafi amfani. Rabin maganar gaskiya ce. Harshe da ilimi da maƙwabtakar 'yan Kyuba sun kare su daga yunwa. Amma ma'aunin da ya dace shi ne nisan da kowa ya yi daga inda ya tashi. Hmong sun taso daga rashin karatu suka kai majalisa a cikin tsara guda. 'Yan Nikaraguwa sun zo da digiri, rukuni bayan rukuni na cikinsu ya ɓatar da shekarun ƙarfinsa a aikin da bai kai iliminsa ba. Asarar da ba ta bayyana a jadawalin talauci ita ma asara ce, kuma ƙasar da ta karɓe su ce ta fara tafka ta.

Akwai wani bambancin da ke nuna inda gumin kowace al'umma yake zuwa. Da yake Hmong da iyalansu suka zo, kuma ba su da ƙasar da za su koma, abin da suka tara a Minesota da Kalifoniya ya tsaya. Ɗan Nikaraguwa sau da yawa shi kaɗai ya ƙetaro, mata da 'ya'ya da iyaye suna gida, ga kuma yiwuwar a mayar da shi kowane lokaci. Hankali ya ba shi ya gina ɗaki a León ko Estelí maimakon ya kafa jari a Miyami. Kuɗin da 'yan ƙasar ke aikawa gida ya haura kashi ɗaya bisa huɗu na tattalin arzikin Nikaraguwa a 2023, kuma mafi yawansa daga Amurka yake fitowa. Abin da ke biyo baya mai ɗaci ne: gumin waɗanda suka gudu daga mulkin Ortega yana cikin abin da ke tallafe da tattalin arzikin da yake mulka.

Wannan ba ya nufin Amurka ta sauke nauyin Hmong yadda ya kamata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma askin ya zo a makare, guntu-guntu. Dokar gyaran tallafi ta 1996 ta yanke wa waɗanda ba 'yan ƙasa ba agaji, ta jefa tsofaffin mayaƙan da ba su iya cin jarrabawar Turanci ba cikin firgici. Sai a 2000 majalisa ta yi dokar da ta ɗauke musu sharaɗin Turanci wajen zama 'yan ƙasa. Sai a 2004 aka fara kwaso kimanin mutum 15,000 da suka maƙale a haikalin Wat Tham Krabok na Tailan. Da Vang Pao ya rasu a 2011, an hana binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Waɗanda kuma ba su kammala zama 'yan ƙasa ba, suka taɓa yin laifi tun suna samari, har gobe suna iya fuskantar kora zuwa Lawos, ƙasar da wasunsu ba su taɓa takawa ba saboda a sansani aka haife su. Wannan ma yana ƙarfafa batun ne: gwargwadon cikar takarda, gwargwadon kwanciyar hankali.

Darasin yana kan teburin mai rubuta doka da mai tsara takardar umarni. Matsayin wucin gadi yana da farin jini a wurin hukuma saboda arha ne a kasafin bana, kuma ba ya tayar da ƙurar siyasa. Ana ɗaukar baƙo raɓa ne, da hantsi zai tafi. Tarihin waɗannan al'ummomi biyu ya nuna cewa wanda yaƙi ya koro ba kasafai yake komawa ba. Idan zai zauna ko ta yaya, abin da ya rage ga hukuma shi ne ta zaɓa: ko ta biya kuɗin tsugunar da shi a shekarun farko ta samu mai biyan haraji da mai gida da ɗan majalisa, ko ta riƙe shi a bakin ƙofa shekara ashirin ta samu ma'aikacin da jakarsa ke ɗaure kullum. Alƙaluman shekara goma na farko za su yaba wa zaɓi na biyu. Amurka ta gwada duka biyun a kan mutanen da yaƙoƙinta suka raba da gida, kuma sakamakon yana nan a St. Paul da Sweetwater ga mai son dubawa.