Sirrin Kamfani da Gwanintar Ma'aikaci: A Wuyan Wa Hujja Take?

Yarjejeniyar taƙaita sana'a sharaɗi ce da ake sanyawa cikin takardar ɗaukar aiki, inda ma'aikaci yake amincewa da cewa in ya bar kamfani ba zai yi wa abokin gasarsa aiki ba, ba kuma zai kafa irin sana'ar ba, na wani wa'adi a wani yanki. Mai neman aiki bai cika tsayawa kan wannan sharaɗi ba ranar sa hannu. Nauyinsa yakan bayyana ne ranar da ya samu sabon aiki, takardar lauya ta biyo shi. A nan ne muhawara take: tsakanin kamfani da tsohon ma'aikacinsa, wa ya kamata ya gamsar da alƙali?

Dokar Ingila ta daɗe da ba da amsa. A shari'ar Nordenfelt ta 1894 aka kafa ƙa'idar cewa irin wannan sharaɗi ba ya ɗaure kowa sai in ya dace da hankali, bai kuma cutar da jama'a ba. Shari'ar Herbert Morris da Saxelby ta 1916 ta fayyace cewa kamfani yana da ikon kare sirrinsa da hulɗarsa da abokan ciniki, amma gwanintar da ma'aikaci ya samu a bakin aiki tasa ce. Kamfanin da yake son ɗaure mutum shi zai nuna dacewar ɗaurin.

Afirka ta Kudu ta juya wannan tsari a shari'ar Magna Alloys ta 1984. Daga lokacin, sharaɗin yana aiki har sai ma'aikaci ya tabbatar da cewa ya saɓa wa maslahar jama'a. A 2006 kuma, Kotun Ƙolin Ɗaukaka Ƙara ta ƙasar ta tabbatar da hanin wata 12 a kan wani ma'aikacin Siemens da ya koma Ericsson, ba tare da an nuna ya fallasa wani sirri ba. Yiwuwar fallasawar kaɗai ta wadatar.

Masu goyon bayan wannan hanya suna da hujja mai nauyi: alƙawari kaya ne, kuma kamfanin da ya buɗe wa mutum cikinsa bai kamata ya jira sai ɓarna ta auku ba. Sai dai hujjar ta ginu ne bisa zaton cewa ɓangarorin biyu ƙarfinsu ɗaya lokacin ƙulla alƙawarin, alhali kamfani ne ya tsara takardar, mai neman abin sawa a baka kuwa sa hannu kawai ya yi. Haka kuma kamfani ne ya san sirrin da yake karewa da darajarsa, don haka kawo hujja ya fi masa sauƙi. Ma'aikacin da aka tsayar ba shi da albashin biyan lauya, kuma sau da yawa barazanar ƙara kaɗai takan sa sabon kamfani ya janye tayinsa tun ba a je gaban alƙali ba.

Batun ya shafi Nijeriya, wadda ta gaji dokar Ingila. A 1973 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hanin shekara ɗaya a shari'ar Koumoulis da Leventis Motors, sannan dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018 ta ƙayyade wa'adin da bai wuce shekara 2 ba. Wa'adi kaɗai bai isa kariya ba, domin shekara 2 babu aiki ta isa ta rusa gida. Jamus ta ƙara wani sharaɗi: kamfani zai riƙa biyan aƙalla rabin albashin ƙarshe tsawon lokacin hanin, wanda hakan yake sa shi auna ko sirrin ya kai kuɗin.

Al'adar sana'a a ƙasar Hausa ma ta san wannan bambanci. Ubangida yakan yaye yaronsa, wani lokaci har da jari, ya buɗe rumfa a kasuwa ɗaya da shi. Abin da ake ƙyama shi ne cin amana, kamar janye masu ciniki a ɓoye. Ya kamata kotuna su bar nauyin hujja a wuyan kamfani, majalisa kuma ta wajabta biyan diyya ga duk wanda aka hana amfani da sana'ar hannunsa.