Garin Neman Ƙiba: Tarakta da Lakar Gawi

Gawi tsohon gari ne na Kotoko, kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da Njamena, babban birnin Chadi. An san shi da tarihin mutanen Sao, da tsohuwar fadar sarki wadda ta zama gidan tarihi, da kuma tukwanen da matan garin ke ginawa. Yumɓun da ya yi wa garin suna shi ne kuma yake wahalar da manomin yankin: da rani ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar dutse, idan ruwa ya sauka ta riƙe garma kamar danƙo. A nan mai tarakta kan ji injinsa yana nishi, sai zuciya ta raya masa ya kai shi wurin bakanike a ƙara masa ƙarfi. Wannan shawara tana bukatar a tsaya a auna ta, domin galibi asararta ta fi ribarta.

“Ƙarfin doki” ma'auni ne da James Watt ya yaɗa a ƙarni na 18 don kwatanta aikin injin tururi da na dawakai, kuma doki ɗaya ya yi daidai da wat kusan 746. Injin dizal yana samun ƙarfinsa ne ta hanyar matse iska har ta yi zafi, sannan a fesa mata mai ya kama da wuta. Kowane kilo ɗaya na mai yana bukatar iska wajen kilo 14 da rabi kafin ya ƙone sarai, a aikace ma fiye da haka. Ke nan mai da iska tafiyarsu ɗaya.

Hanyar da ta fi araha, wadda kuma aka fi bi, ita ce a murɗa kusar da ke ƙayyade yawan mai a jikin famfo. Nan take direba zai ji tarakta ta ƙara kuzari. Amma iskar da ke shiga injin tana nan yadda take, saboda haka rarar man sai ta fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi, wato kuɗin mai tarakta ne ke tashi sama. Zafin cikin injin yana ƙaruwa, fistin kuwa galibi da alminiyom ake yin sa, ƙarfen da ke narkewa a wajen digiri 660. Toka tana gurɓata baƙin mai, lagireto yana tafasa. Duk wannan a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, inda iskar kanta ba ta da kauri saboda zafi.

Masu goyon bayan ƙarin suna da hujjar da ba za a raina ba. Sun ce kamfanoni da kansu sukan sayar da inji iri ɗaya da ƙarfi daban-daban, don haka akwai sauran ƙarfi a ɓoye. Gaskiya ne. Sai dai kamfani idan zai ɗaga ƙarfin inji yakan haɗa masa da turbo, na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa ƙarin iska, ya kuma duba fistin da hanyar sanyaya injin, da kuloci da giyar da za su ɗauki nauyin. Wanda ya murɗa kusa kaɗai ya ɗauki rabin aikin ya bar rabi.

Sau da yawa ma ƙarfin da ake nema yana nan, sakaci ne ya danne shi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Man da aka saya a jarka a bakin hanya kan zo da ruwa ko datti, ya cuci nozul. Gyaran waɗannan yana maido da dawakan da suka ɓace ba tare da an matsa wa inji ba. A cikin laka kuma matsalar takan zama ta taya: idan tana zamewa fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ƙarin ƙarfi sai dai ya ƙara haƙa rami. Daidaita iskar taya, da ƙara mata nauyi gwargwado, da rage faɗin garma, da shiga gona lokacin da ƙasa ta yi taushi amma ba ta yi caɓi ba, sun fi amfani.

Damina a wannan yanki gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma tarakta ɗaya takan yi wa gidaje da yawa huɗa bisa haya. Idan injinta ya ƙone a tsakiyar lokacin huɗa, mai ita ya yi asarar jari, talakawan da ke jiran layi kuma sun yi asarar shekara guda. Hausawa na cewa garin neman ƙiba akan samo rama. Wanda aikinsa ya fi ƙarfin taraktarsa, ya rage mata kaya ko ya nemi wadda ta fi ta girma; kusar famfo kuwa a bar ta inda masana'anta ta ɗaure ta.