A wanke tsofaffin finafinanmu kafin a kwafe su

Tun daga shekarar 1937 da aka buɗe silimar Rex a Sabon Gari, har zuwa zamanin da El Dorado da Plaza ta Fagge suke cika maƙil da masu kallon finafinan Indiya, abin da ake haskawa a bango zaren fim ne da ake naɗewa a faifai. Da bidiyo ya shigo, sai aka riƙa kwafe finafinai a kaset, ana kwafar kwafi daga kwafi, har idon mutumin Kano ya saba da hoto dishi-dishi, mai ɗige-ɗige da layuka, ya ɗauka haka fim yake. Alhali wani ɓangare na wannan lahani datti ne da karce, kuma akwai maganinsa.

Dalili kuwa shi ne, kowace daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce, kowanne bai wuce girman kan sarki ba. Ƙwayar ƙurar hunturu guda idan ta zauna a kai, na'ura za ta faɗaɗa ta ta zama tabo a fuskar ɗan wasa. Muddin a kan zaren take, ana iya wanke ta. Amma da zarar an kwafe fim ɗin da ita, ta zama ɓangaren hoton ke nan. Shi ya sa masana ke fara duba zaren da hannu, su gyara inda ya tsinke, su wanke shi da wani ruwan sinadari a na'ura ta musamman. Wajen kwafar ma akan bi da shi ta cikin ruwan da ke cike gurbin karce, don kada haske ya nuna shi. Ga kuma abin da aka fi mantawa: a irin faifan da ake kai wa silima, muryar tana gefen zaren ne. Dattin da ya ɓata hoto shi ke sa magana ta riƙa ƙara, sai Hausar da aka yi shekara hamsin da suka wuce, da karinta da lafazinta, ta gagari mai nazari.

Muna da misali a hannu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano asalin zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta birnin Balin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018 tas da shi. Da a ce wani ya yi gaggawar kwafe shi a kaset ya jefar da zaren, da yanzu sai dai labari.

Wannan gaggawar ce abin tsoronmu. Yau kowa na maganar mayar da kayan tarihi cikin kwamfuta, kuma ba wuya a ba da kwangila ga wanda zai haska fim a bango ya ɗauka da kyamara, ya ce aiki ya kammala. Wannan ba adanawa ba ce. Zaren da aka bari cikin zafin Kano kuwa ba ya jira. Yakan fara wari mai tsami, ya motse, ya kanannaɗe, damina kuma ta kawo masa fumfuna.

Don haka muna kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, tare da Jami'ar Bayero, da su tuntuɓi iyalan tsofaffin masu silima na Fagge da Sabon Gari da ma'aikatan majigi na da, a ƙidaya duk faifan da ya rage, a kai shi ɗaki mai sanyi marar laima. Kada a amince da wata kwangilar kwafa sai an rubuta a cikinta cewa za a wanke zaren tukuna, kuma za a dawo da asalinsa bayan an gama.