Maganaɗisu A Kan Ƙwaƙwalwa: Ina Amfaninsa Ga Mai Ciwon Damuwa?

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya ya san gwajin nan na Faraday na 1831, inda a ke motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, sai lantarki ya gudana cikinta. Mu da mu ka sha nuna wa ɗalibai wannan, ba mu taɓa zaton zai kai ɗakin likita ba. To, ya kai.

A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila su ka ƙera na'ura mai aika ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙoƙon kai, ya motsa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba tare da an tsaga fata ba. Daga baya likitoci su ka gwada ta kan masu ciwon damuwa, watau baƙin cikin nan mai nauyi da kan hana mutum barci da ci, har wani ya yi tunanin halaka kansa. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da ita a 2008.

Majinyaci ya kan zauna bisa kujera, idonsa biyu, a ɗora masa naɗin waya a gaban kai ta wajen hagu, ya riƙa jin ƙwas-ƙwas kamar ana ƙwanƙwasa masa kai. In an gama ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. Kada masu karatu su haɗa wannan da jinyar lantarki da a ka fara a Italiya a 1938. Waccan sai an sa mutum barci, ta kan kuma taɓa tunani, ko da ya ke ta fi ƙarfi in ciwo ya tsananta.

Lalle ba kowa ke warkewa ba, wani kuma ciwon ya kan dawo masa. Galibi sai ƙwayoyi sun kasa a ke komawa gare ta. Ta kan sa ciwon kai, jifa-jifa har da farfaɗiya, ba a kuwa yi wa mai ƙarfe cikin kai.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne zirga-zirga. Kwana 5 a mako, har mako 4 zuwa 6! Ina malamin makarantar ƙauye zai sami izni da kuɗin mota na zuwa talatin? A 2018 Amurka ta yarda da salon minti 3 maimakon kusan 40, amma yawan zuwan bai ragu ba. Salon Jami'ar Stanford da a ka amince da shi a 2022 ne ya tattara aikin cikin kwana 5, sau 10 kowace rana.