Ciwon Jijiya Da Rashin Barci A Illela

Duk wanda ya shiga kasuwar Illela ran Lahadi zai ga 'yan dako suna saɓa buhunan hatsi zuwa motocin da za su ƙetara Birnin Ƙonni. Abin da ba zai gani ba shi ne daren da waɗansunsu ke kwana zaune, raɗaɗi na tasowa daga ƙugu yana sauka har tafin ƙafa. Haka kuma dattawan da ciwon suga ya cinye musu jijiyoyin ƙafa, waɗanda ko mayafi ba sa so ya taɓa su.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai na'urar da ake dasa wa irin waɗannan majinyata. Likita kan zura siririyar waya kusa da lakar gadon baya, ya binne ƙaramin batir a ƙarƙashin fata, lantarki kaɗan ya riƙa dushe saƙon zafi kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Dakta Norman Shealy ne ya fara dasa ta a Amurka cikin 1967. Akan gwada ta wajen mako guda tukuna, in zafin ya ragu da rabi sannan a dasa ta dindindin. Waɗansu daga cikin waɗanda ta karɓa sukan ce barcinsu ya dawo.

To, amma kuɗinta dubban daloli ne, wayar takan goce, wurin yankan yakan ruɓe, kuma wani babban nazari da aka fitar cikin 2023 bai sami tabbacin tana amfanar masu ciwon baya ba. Wanda ya ce ita ce mafitar talakan Illela bai san Illela ba.

Abin da ɗan dako ke samu a sauƙaƙe shi ne tiramadol, har da mai ƙarfin 225 wanda hukuma ba ta yarda da shi ba, irin wanda 'yan fasa-ƙwauri ke yawo da shi a kan iyakoki. Yakan fara sha don ciwo, ya ƙare yana sha don ba ya iya bari. Jami'an hana shan ƙwaya suna kamu, amma kamu ba ya warkar da jijiya.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta keɓe rana guda a mako a Babban Asibitin Illela domin masu ciwon da ya daɗe. A auna musu suga, a koya musu motsa jiki, a tanadi magunguna masu araha irin su amitriptyline, wanda ke rage zafin jijiya ya kuma kawo barci in likita ya rubuta shi. Wanda abin ya faskara sai a ba shi takarda zuwa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ƙwararru za su duba ko aiki yake bukata.